Malamin da Ya Tafi Zugu

Har yau ban manta da ranar da aka zauna kan kwantiragin Malam Yohanna ba. Lokacin ina ƙaramin jami'i a sashen tabbatar da ingancin aiki na wata kwalejin horar da malamai. Ba ni da zurfin karatu. Aikina shi ne bin sawun malamai in ga ko sun yi abin da aka sa su, in kawo wa Darakta bayani.

Ga waɗanda ba su san tsarin ba, kafin ɗalibi ya gama sai an tura shi firamare ya yi koyarwar gwaji. Malaminsa zai bi shi can, ya zauna a bayan aji ya kalli darasi, ya gyara masa, sannan ya ba shi maki. Wanda bai gama duba ɗalibansa kafin zango ya ƙare ba, an ɗauka ya gaza. In ɗan kwantiragi ne kamar Malam Yohanna, aikinsa ne a bakin ƙofa.

A shekarar hanyoyi sun ɓaci da 'yan bindiga. Sai malamai suka samo dabara. Mai ɗalibai a ƙauyukan Anka sai ya kira su cikin gari, na Gummi da Bukkuyum ma haka. A ari aji guda a wata firamare, kowa ya tashi ya yi ɗan darasi gaban yaran da bai taɓa gani ba, a ba shi maki, kafin la'asar an watse. Kowa ya sani. Ni kaina a irin wannan aji nake zama in ce na bi sawu.

Malam Yohanna, mutumin Zuru, mai koyar da lissafi, shi kaɗai ya ƙi. Yakan hau kabu-kabu ya bi ɗalibansa ɗaya bayan ɗaya, har ƙauyen Zugu da ke yankin Bukkuyum. Wata rana na tare shi a bakin ofis, wandonsa duk laka.

Na ce, "Malam, halan rai biyu gare ka? Kira su Bukkuyum mana, kamar kowa."

Ya yi dariya ya ce, "Malam Sani, su ɗiyan Zugu da ɗalibata ke koya ma, a Bukkuyum suke kwana? In ita tana zuwa kullum, ni ba ni iya zuwa sau ɗaya?"

Zango ya ƙare bai gama ba, saboda wasu ranakun hanya a rufe take.

A zaman kwamiti Darakta ya dube ni ya ce, "Sani, kai ka bi sawunsu. Wa da wa sunka gama?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, duk sun gama, sai Malam Yohanna."

Ya ce, "Akwai wani abu da ya kamata mu sani?"

Na dubi teburin. Duk wanda ke zaune wurin ya ari aji, har da mai tambayar. In na buɗe baki, sai na fara da kaina. Na ce babu. Ban yi ƙarya a maganar farko ba, kuma da wannan na daɗe ina lallashin zuciyata. Aka rubuta cewa bai cika aikinsa ba, ba a sabunta masa ba.

Ranar da zai tafi na same shi a tashar Gummi ana ɗaure masa katifa a saman mota, matarsa da yaransa na ciki. Na shirya ya zage ni. Sai ya ja ni gefe ya ce, "Akwai Hauwa'u, wadda ke Zugu. Ta san lissafi sosai, amma in tana rubutu a allo juya ma yara baya take har ta gama, su ko sai wasa. Na ce mata zan komo in gani ko ta gyara. In wani zai tafi, ka faɗa mishi."

Na ce insha Allahu. Babu wanda ya tafi. Malamin da ya gaji ɗalibansa ya kira Hauwa'u Bukkuyum, ta yi darasinta a ajin aro, ta ci.

A ƙarshen shekara aka yaba wa sashenmu a gaban taro, wai duk ɗalibai an duba su a kan lokaci. Ni aka tura na karɓo takardar yabon.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ga abin da na gani. Abin da kuke tambaya shi ma'aikata za su kawo muku. Mu "wa ya gama" muka tambaya, sai kowa ya koyi gamawa, mutum ɗaya da ke yin aikin kuma muka sa shi a mota. In an tambaye ku ko akwai abin da ya kamata a sani, ku faɗa tun kuna zaune a wurin. Ni "babu" na ce. Saƙon Hauwa'u kuwa har na yi ritaya yana wurina.