Katakon da Dogara Ya Raina

Dogara ɗan mafarauci ne daga Wudil, amma tun tasowarsa ko kurciya bai taɓa harbi ba. Shi dai a bar shi da tsofaffin bindigogi, irin waɗanda ake ja musu katakon ƙarƙashin bututu baya, a tura gaba, sannan su tashi. Bakwai ya tara a ɗakinsa na Kano, kowace da takardarta. Ta marigayi babansa ce babbarsu, ita ce kuwa gara ta cinye wa wannan katakon. Shekara tara yana cigiyar irinsa bai samu ba.

Sarin wandunan jins ya kai shi Guangzhou a 1998. A garin Xintang da ke kusa yake saye, wurin wani dattijo da ake kira Laoban Fang, wato Maigida Fang, tare da abokin tafiyarsa Wahab, mutumin zangon Kumasi. Ran nan suna shan shayi, Dogara ya zaro hotunan bindigoginsa, don ko ba a tambaya ba sai ya nuna. Dattijo ya ƙura wa hoton ta baban Dogara ido, ya jawo aljihun tebur. Sai ga katako, ya yi baƙi don shan hannu. Dattijo ya ce na bindigar kakansa ne, da hukuma ta karɓe bindigogin jama'a shi kaɗai ya rage masa. Iri ɗaya sak!

Ya miƙa wa Dogara da hannu biyu. To, ka san mutumin Kano da kara.

"A'a, Laoban, kayan gado ne," in ji Dogara.

Sau uku ana miƙowa yana ƙi. Yana jiran na huɗu ya karɓa, sai dattijo ya juya wajen Wahab. Shi ko gogan naka, da bai san gaban bindiga da bayanta ba, ya yi godiya ya jefa a jaka.

Wayyo, hassada! Tun daga Xintang har masaukinsu a unguwar Dengfeng idon Dogara na kan jakar Wahab. Abinci ya daina yi masa daɗi. In Wahab ya yi dariya, ji yake da shi ake. Roƙo kuwa, ina! Shi da bindiga bakwai ya roƙi marar ko ɗaya? Sai ya ɓullo da dabara: ya kushe katakon har Wahab ya yar, shi kuma ya tsinta.

"Wannan ruɓaɓɓen icen? Wallahi ko kyauta ba na so. Muciya ta fi shi amfani."

Kullum haka, sannan ya zagaya ya leƙa kwandon sharar Wahab. Kwana goma babu komai. Ranar da zai koma Kano haƙurinsa ya ƙare, ya tambaya yana kallon gefe, wai ina icen nan ya shiga.

"Af, ai don kai na karɓa, ɗan'uwa," in ji Wahab. "Na ga kunya ta hana ka, na ce sai ranar tafiyarka in ba ka tsaraba. Da ka yi ta rantsuwa ba ka so, na ba masu lodi suka tsaga shi biyu, suka tokare dilolin kaya a kwantena. Jiya jirgin ya tashi."

Dogara ya zauna a kan jakarsa.

Har yanzu yana yawo da hotunansa, amma shida yake nunawa.