Baba Mai Bandeji da Ƙafar Doguwa

A ranar Asabar ta ƙarshen watan Yunin bana, Baba Mai Bandeji ya ajiye aiki, bayan shekara talatin da ɗaya yana kula da lafiyar 'yan ƙwallon raga a zauren wasanninmu. A tsawon wannan lokaci an sauya koci bakwai, an sake daɓen zauren sau biyu, shi kuwa bencinsa yana nan a gefen raga.

Kullum shi ke riga kowa zuwa. Sai ya bi filin da tsumma yana goge duk inda ya ga danshi, ya jera bandeji da filasta da ƙanƙara, sannan ya zauna jiran ƙafafu. Ya sha faɗa cewa raunin wannan wasa a idon sawu da gwiwa da kafaɗa da yatsu yake kwana, kuma idon sawu ne babbansu, domin wanda ya yi tsalle a gindin raga yakan sauko a kan ƙafar wani. Saboda haka ba a taɓa ƙwallo a gabansa sai an ɗumama jiki, an kuma maimaita sauka da ƙafa biyu, gwiwa a lanƙwashe. "Tashi kowa ya iya," in ji shi, "saukar ce sana'a."

Shi kansa da ɗingishi yake tafiya. Yana saurayi ya yi targaɗe ana tsakiyar wasa, aka ɗaure masa aka mayar da shi fili, daga nan bai ƙara tsalle ba. Waɗanda suka zauna kusa da shi sun shaida cewa har yau idan wani ya tashi sama zai buga, dugadugan Baba sukan bar ƙasa bai sani ba.

Dokarsa ita ce, mai rauni ba ya komawa fili sai ya tsaya da ƙafar mai ciwon ita kaɗai, ido a rufe, babu tangaɗi. Wata shekara dokar ta faɗa kan Doguwa, gwanar ƙungiyar mata, da ta yi targaɗe ana gobe wasan ƙarshe.

"Baba, don Allah ka ɗaure min kawai. Wasa ɗaya ne fa."

"Ni ma wasa ɗaya aka ce min, 'yata. Rufe ido ki tsaya."

Ta tsaya, ta yi tangal-tangal, ta cafke kafaɗarsa.

"Wallahi tsohon nan kai ka girgiza ƙasar!"

"Da ƙafar tawa guda?"

Koci ya bi maganarsa. Doguwa ta kalli wasan daga benci tana hawaye, kofi ya tafi hannun wasu, ta yi wata da watanni ba ta gaishe shi ba. Shi kuwa kullum sai ya ajiye mata ƙanƙararta.

Kai ne, Baba, ka yarda a ƙi ka a kan a gaje ka a ɗingishi. Kai ne mai raba ƙafa da nadama. Zauren nan zai daɗe yana kewar takunka mai nauyi a gefe ɗaya. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu horar da yara kuma su ɗauka daga gare shi: a goge fili, a ɗumama jiki, kada a mayar da mai targaɗe wasa don kofi.

Doguwa ta ƙara shekara tara tana buga ƙwallo bayan ranar da Baba ya hana ta wasa. Da Baba ya ajiye aiki ranar Asabar, ita ce ta karɓi bencinsa ranar Litinin.