Karan Awon Yayana

Shekara ashirin da ɗoriya ke nan ina ɗinkin kayan mata a Talata Mafara, tef ɗin awo kuwa ba ya barin wuyana sai in zan yi alwala. Ina auna kafaɗa, ina auna ƙugu, ina auna tsawon siket har idon sawu. Amma ban taɓa ɗora tef a tsakiyar kan mutum na sauke shi har ƙasa ba. In ka tambaye ni dalili zan ce maka ɗinki ba ya buƙata, kuma gaskiya ne. Sai dai akwai saura.

Mu gidan mahauta ne. Mahaifinmu in ya zagaya sa sau ɗaya a kasuwar shanu, ya dafa tozonsa, ya san naman da ke jikinsa. Kakarmu, wato mahaifiyarsa, mutuniyar Maradun ce, kuma ban taɓa ganin wanda bai yarda da mutane ba kamarta. Mai tallan man gyaɗa sai ya lasa a gabanta kafin ta saya. In baƙo ya cika fara'a, takan ce a duba akuya. A ɗakinta na tashi, a wajenta na gaji zargi, ban kuma yi nadama ba, don ya sha fisshe ni.

Yayana shi ne dogon gidanmu. Yana shekara goma sha bakwai babu ƙofar da yake shiga bai sunkuya ba. Ƙofar ɗakin Kaka ta taɓa fasa masa goshi har ta bar masa tabo kamar ƙwayar wake, ita kuwa maimakon jaje sai tsiya, wai mijin nata ya ƙi yi mata ladabi ne ƙofa ta rama mata. Fawa ba ta shiga ransa ba. Da rani sai ya bi masu noman lambu zuwa Bakura yana lodin kankana. Daga ƙasa yake wurga ta da hannu ɗaya, ta tashi ta faɗa hannun wanda ke saman mota, kuma ba a taɓa cewa ya fasa ko guda ba. A can wani mutum ya gan shi, ya biyo shi har gida.

Da hantsi ne, aka aike ni in kai wa baƙo ruwa zaure. Mutum ne mai usur rataye a wuya da farin takalmin gudu. Na ajiye kwanon, ban fita ba, na maƙale a bakin ƙofa. Na ga ya zagaya yayana, ya kama hannunsa ya ware yatsun yana kaɗa kai. Sannan ya ce masa ya jingina da bango, ya zaro tef daga aljihu, ya ɗora a kansa ya sauke har ƙasa, ya rubuta a takarda. Ban tsaya ganin sauran ba, na ruga cikin gida.

Kaka tana ɓarar gyaɗa. Da na gaya mata, hannunta ya tsaya.

"Awo? Daga ina zuwa ina?"

"Daga kai har ƙasa."

Ta yi salati, ta ture faifan. "Wa yam mutu gidanga da za a auna mani jika?"

Kai da ka tashi a birni wataƙila ba ka sani ba. A wajenmu mutum ɗaya ake aunawa daga kai har ƙafa, shi ne wanda ya cika. Akan zaro karan dawa a gwada tsawonsa, a yanke, a kai wa masu haƙa kabari. Ba a yi wa mai rai, ko da wasa.

Kaka da ba ta leƙa zaure in da maza, ranar sai da ta je ta tsaya bayan ƙofa. Ta gaida baƙon gaisuwa mai tsawo, ta tambayi gida da iyali da hanya da gajiya, irin gaisuwar da take yi wa wanda take shirin tuhuma. Sannan ta ce, "Malam, wagga sana'a taku, mi aka ce mata?"

"Ƙwallon kwando, Iya. Kwando ne a sama, a jefa ƙwallo ciki. Yaron nan in ya koya, da ita zai ci abinci."

"In kwandon ya cika, ƙaƙa aka yi?"

"Ai ba ya cika, Iya. Ba shi da gindi."

"Kwando babu gindi," in ji ta, "kuma ku biya ƙato shi dinga zubawa ciki. Malam, tsakaninka da Allah, mi kuka so ga yaronga? Don ba wannan ba na."

Bawan Allah ya yi ta bayani har gumi ya keto masa. Ta ce ya ba ta takardar awon. Ya yage ya miƙo, ta kai murhu ta ƙone. Da ta dawo ɗaki ta ce mini aikin banza ta yi, ai ya riga ya haddace.

Mahaifinmu ma hankalinsa bai kwanta ba. Na ji shi yana gaya wa innarmu cewa kallon da mutumin ya yi wa yaron, irinsa yake yi wa sa in zai taya. Amma kawunmu na Bakura, direban babbar mota, ya rantse ya ga wasan da idonsa a Kaduna, mutane ne masu sallah da salati. Yayana kuma ya daina cin abinci, ya rame har tsawon nasa ya zama abin tausayi. Bayan an yanke dawa mahaifinmu ya ce ya tafi, Allah ya tsare.

Safiyar tafiyar, Kaka ta kira ni ta ce in je tarin kara in zaɓo mata biyu miƙaƙƙu. Na je na zaɓo. Ta sa yayana ya tsaya a tsakar gida, ta ɗaure karan biyu da zare don ɗaya bai kai ba, ta sa ni na hau turmi na riƙe saman, ta yanke daidai kansa. Innarmu ta fashe da kuka tana cewa wannan wane irin mugun fata ne. Kaka ko kallonta ba ta yi ba.

A ranar na fara jin labarin baffanmu daga bakinta. Ƙanen mahaifinmu ne, ya bi shanu Kudu tun ba a haife ni ba, bai dawo ba. Babu gawa, babu labari, babu inda za a nuna a ce nan yake kwance.

"Wancan ko awonai ban samu ba," in ji ta. "Kai in sun hana ni kai, ina da tsawonka. Sai in sa a gina maka wuri nan Mafara."

Yayana ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ƙarshe ba. Ta saƙale karan a azarar ɗakinta, daidai saman gadonta.

Daga nan duk labarin da ya zo, sai ya zama shaida a hannun Kaka. Ya aiko da hoto daga Kaduna, yana sanye da gajeren wando da riga mai lamba a baya. Ta ce sun yi masa lamba kamar san kasuwa. Ya rubuto daga Legas cewa likitoci sun duba haƙoransa da gwiwoyinsa, sun ɗebi jininsa. Ta ce jini kuma, to saura me? Ni ke karanta wasiƙun, kuma ba zan ɓoye maka ba, ina karantawa ina ƙara musu gishiri da murya, don ni ma ban yarda ba. Shekarun farko yakan zo Sallah, ya kwana uku ya koma. Kaka takan bi shi da kallo tana ƙirga gaɓoɓinsa.

Sai wata wasiƙa ta zo, na buɗe na karanta a tsakar gida: "Ƙungiyarmu ta sayar da ni ga wata ƙungiya a ƙasar Larabawa." Shi murna yake yi, har ya ja layi a ƙarƙashin maganar. Amma ka tuna gidan da aka karanta ta. Mu mun san abin da ake saye bayan an duba haƙora, mun kuma san inda ake kai shi. Mahaifinmu bai fita kasuwa ba ranar. Kaka ba ta yi kuka ba, ta ɗaga kai ta dubi azara ta ce, "Ban hwaɗa muku ba?"

Shekara tara bai tako ƙasar nan ba. Alherinsa dai yana zuwa. Ya kai mahaifinmu Makka, ya sa aka yi wa gidan rufin kwano. Kaka ta ce ba a ɗakinta ba, kada wanda ya taɓa mata azara. Atamfofin da yake aiko mata suna nan a adaka da takardarsu, ta ce ita ba ta ɗaura kuɗin kan jikanta. Ya taɓa aiko da kaset ɗin bidiyo, muka taru gidan maƙwabta muka kalla. Na gan shi ya tashi sama kamar ba ɗan gidanmu ba, ya danna ƙwallon cikin kwando, dubban mutane suka miƙe suna ihu. Wallahi na ji daɗi har na yi guɗa. Amma na kuma ƙirga sau nawa ya faɗi a kan gwiwarsa. Kaka, da idonta ya fara dushewa, ihun kawai ta saurara, ta ce haka ake yi wa sa ranar hawan ƙaho.

Da damina yayana ya dawo, ana tsakiyar noman gero, yana dogara sanda. Gwiwar dama ta ƙare, an yi masa aiki sau biyu, wasa ya ƙare. Gida ya cika da 'yan barka. Lokacin Kaka ba ta gani sam. Ya sunkuya ya shiga ɗakinta ya yi sallama daga tsaye, muryarsa ta yi kauri, Hausar tasa ta ɗan karkace.

"Kaka, ni ne. Mijinki ya dawo."

"Kowa na iya cewa shi na," in ji ta. Ta juyo wajen da nake. "Ke, sauko mani da karan nan."

Na sauko da shi, hayaƙi ya mai da shi baƙi ƙirin. Muka fita tsakar gida, aka zaunar da ita a tabarma, na sake hawa turmin nan, ina matar aure da goyo. Na jingina karan a bayansa. Kansa ya wuce.

"Ya yi daidai?"

Kowa ya zuba mini ido. Innarmu tana ƙifta mini in ce e. Amma ni rainon Kaka ce, ban iya yi mata ƙarya ba. Na ce, "Ya ɗara da yatsa huɗu."

"To ba shi ba na. A ba shi ruwa shi sha, a sallame shi."

Mahaifinmu ya fara bayanin cewa yaro ɗan sha bakwai ai bai gama tsawo ba. Ta katse shi. Ta ce jikanta bai taɓa gaishe ta a tsaye ba. Kunya nake ji in faɗa, amma a wannan lokacin ni kaina sai da na ƙara duban mutumin nan da kyau.

Likita ya hana shi lanƙwasa ƙafar, mun sani. Ya miƙa mini sandar, ya dafa ƙasa, ya fara sauka a hankali. Gwiwar ta yi wata ƙara irin wadda muke ji in ana sara ƙashi, gumi ya wanke masa fuska, har ya durƙusa a gabanta. Ya kama hannunta ya ɗora a goshinsa, a kan tabon.

"Ƙoharki ta yi mani wanga," in ji shi, da harshen gida tsantsa.

Ta daɗe tana shafa wurin. Sannan hannunta ya gangara har gwiwar, ya bi layin ɗinkin daga sama har ƙasa.

"Sun dai yanka ka."

"Sun yanka ni, Kaka."

"Na hwaɗi." Ta sake shafa ɗinkin. "Amma sun maido mani."

Ta karɓi karan ta karya shi a gwiwarta, ta ce a hura wuta da shi a dama wa mijinta kunu. Ranar ce kaɗai na ga hawayenta, ni kuwa na yi kuka har goyona ya taya ni.

Damina biyu ta ƙara a duniya. Da ta cika, shi ya zaɓo kara ya auna ta. Guda ɗaya ya isa, har da ragowa.

Yanzu hanyar Maradun sai da addu'a ake binta, kuma gidaje da yawa sun san abin da Kaka ta sani: mutum ya fita, ba shi ba labarinsa. Abin da muke yi mata dariya a kai ya daina ba ni dariya. Yayana yana nan, furfura ta fito masa, yana koya wa yara wasan a filin wata makaranta, da usur a wuyansa.

Makon jiya ya zo shagona, ya zauna a benci ya miƙe ƙafar da ba ta lanƙwasuwa. Autana ya shigo, ɗan shekara goma sha biyar, ya sunkuya a bakin ƙofa. Na ga idon yayana ya zagaya shi, ya tsaya a kan yatsunsa. Na san kallon.

"Ƙanwata, ara mini tef ɗinki minti ɗaya."

Na ce tef ɗin ya ɓace. Yana rataye a wuyana. Ya yi dariya ya ce Kaka ba ta mutu ba, ya tashi ya tafi, yaron kuwa ya bi shi yana riƙe masa sanda.

Washegari da safe na je bayan gida ɗebo karan hura wuta. Sai da na dawo na lura biyu kawai na ɗauko, miƙaƙƙu. Ban sa su a murhu ba. Suna nan a bayan ƙofa.