Yayana Ya Sace Mini Tatsuniya

A unguwar Zamalek ta birnin Alkahira akwai mutanen da suka rantse cewa waƙar nan ta yayana, "Wutar Kasko", a kan wata budurwa 'yar Lebanon ya yi ta, wadda ta yaudare shi ta auri mai kantin gwal. Wasu sun ce a'a, a kan yaƙin Sudan ce. Wani ɗalibin jami'a mai gemu kamar tsintsiya ya taɓa tsare ni a tashar jirgin ƙasa na metro ta Giza, ya yi ta yi mini bayani har na fara jin tsufa, wai wutar da ke cikin waƙar ita ce ruhin ɗan Adam na zamani. Na gyaɗa masa kai kawai. Yaya Muntasir bai taɓa yin budurwa 'yar Lebanon ba. Wadda ya taɓa so 'yar mai guga ce ta ƙasan gidanmu, ita ma har ta yi aure ba ta san yana yi ba. Waƙar nan tatsuniya ce, tatsuniyar kuma tawa ce. Sace ta ya yi.

Bari in fara daga rufin gidanmu, don a can aka yi satar.

Kakarmu Habboba muke ce mata, yadda ake kiran kaka a Sudan. A wani ƙauye na bakin kogin Nilu aka haife ta, inda kakanninta suka yada zango a hanyarsu ta zuwa Makka da ƙafa daga ƙasar Hausa, zangon da har yau ba a tashi ba. Sunanta aka sa mini, shi ya sa kowa a gida Ummi yake ce mini, ita kuwa ta ce mini Takwara. Da muka dawo Alkahira ina ƙarama, Habboba ta yarda da komai na garin nan ban da murhun gas. Ta ce kofin da aka dafa a kan gas ruwan wanke kofi ne. Don haka lokacin sanyi, da an idar da magariba, sai mu kwashi kaskon gawayi da butar jabana, wato 'yar tukunyar yumɓun da take dafa kofi a ciki, mu hau rufi. Gidan hawa biyar ne, lif ɗinsa kuwa tun kafin a haife ni yake hutu. Muna isa sama tana haki tana tsine wa wanda ya ƙirƙiro bene, ta zauna tsakanin farantan dish da igiyoyin shanya, ta soya kofi da citta har ƙamshin ya sa tattabarun maƙwabta su fara leƙe.

Tana da doka. Kowane jika da tatsuniyarsa, kuma ba ta bayar da ita sai ran da mai ita ke riƙe da mafici yana fifita wuta. Ta Yaya Muntasir a kan wani raƙumi ce mai mantuwa, wadda ni a ganina ta dace da shi. Tawa ita ce ta wutar kasko. In na karɓi mafici, sai ta gyara zaman tobinta, lafayar nan ta matan Sudan, ta ce, "Kunnuwa su matso, bakuna su koma gida." Mu ce, "Sun matso, sun koma."

Wai wata yarinya ce za ta bi ayari zuwa gabas, ita da ƙaninta. Uwarsu ta tsufa, ba za ta iya tafiyar ba, sai ta ɗebo garwashi daga murhunta ta zuba mata a kasko ta ce, "Muddin wannan na ci, ina tare da ku." Yarinya ta ɗora kasko a ka. Duk inda aka sauka ta ciyar da wutar kafin ta ci abinci, in iska ta taso ta kare ta da jikinta. Matafiya suka riƙa zuwa roƙo, ta ɗan sammu wuta mu dafa, ita kuwa ta ce wutar uwarta ce, ba ta ayari ba. Amma kullum da safe sai ta ga garwashin ya ragu. Ta yi fako, ta kama ƙaninta yana ɗiba a cikin fasasshen ƙoƙo yana sulalewa. Ta yi masa dukan da har jakunan ayari suka ji tausayinsa. Bai daina ba. Ana nan, suka iso wani babban kogi, suna tsakiyar ƙetarewa ruwan sama ya ɓarke, kafin su kai gaci kasko ya cika da ruwa. Yarinya ta zauna a bakin kogi da toka a hannu, tana kuka tana kiran uwarta.

Daidai nan Habboba take tsayawa ta mayar da jabana kan wuta, don ba ta ƙarasa labari sai a zagaye na ƙarshe na kofi. Kuma daidai nan abokan Yaya Muntasir suke yi masa fito daga ƙasa. Ya kurɓe kofinsa, ya saɓi jitarsa da ke da igiya huɗu maimakon shida, ya ce, "Yalla, na wuce." Habboba ta bi shi da harara ta wasa: "Maigida, haka ake yi? Ka sha kofina ka gudu ba kuɗin cefane?" Duk shekarun nan, ko sau ɗaya bai taɓa zama ya ji ƙarshen ba. Ni kaɗai nake ji, da Mama wadda yawanci ta riga ta fara gyangyaɗi. In Habboba ta gama sai ta ce, "Na sauke kayana, mai wuya ya ɗauka." Ban san akwai mai wuyan da zai ɗauka ya kai Zamalek ba.

Ƙungiyarsu ta kiɗan rok sunanta Hawa na Shida, saboda a rufin namu suka fara gwaji kafin bawwab, mai gadin gidan, ya kore su da bokitin ruwa. Su uku ne: shi da jita da waƙa, Karim Bamisire mai dukan ganguna kamar yana bin su bashin rai, da wani ɗalibi Bakano daga unguwar Hay el-Sabi' wanda ke sa hular sanyi har hanci don kada 'yan ajinsu su gane shi. Waƙoƙin rabi Hausa rabi Larabci, saboda haka kowa rabi yake ji, ya cike sauran da abin da ke damunsa. Ni na san asalin kowace. Wadda ake cewa ta baƙin cikin gudun hijira ce, "Ba Mai Hawa, Ba Mai Sauka", a kan lif ɗinmu aka yi ta. Wadda 'yan mata ke kuka a kanta, "Ka Wuce Ka Bar Ni", direban ƙaramar bas ɗin haya ne da ya ƙi tsaya wa Karim ranar jarrabawa. Duk waɗannan ban damu ba, har taya su dariya nake yi.

Sai ranar da Mama ta bari na bi su wani ɗan zauren wasa a Zamalek. Aka rage fitilu, Yaya Muntasir ya sunkuyar da kai kamar wanda aka yi wa rasuwa, ya ja wata doguwar ƙara da jita, ya fara: yarinya, kasko, ayari, kogi. Na ji kamar an zare mini takalmi ina tsaye. Mutane suka ɗaga wayoyi suna lilo. Wata mai gashi shuɗi kusa da ni tana share hawaye ta ce mini da Larabci, "Kin ji zurfin tunani?" Na ce, "Na ji. Ni na fifita shi."

A tasi muna komawa na tsare shi. "Yaya, tawa ce fa."

"Mece ce taki?"

"Tatsuniyar. Kai raƙumi aka ba ka. Ka je ka yi wa raƙuminka waƙa."

"Ummi, tatsuniya ai ba ta da mai ita."

"To jita ma ba ta da mai ita. Gobe zan kai ta kasuwar Juma'a."

Karim ya yi dariya har direba ya ce a sauke shi. Na yi mako ban yi wa yayana magana ba, sai dai in zan ce ya miƙo gishiri, shi ma ta bakin Mama.

Da a nan abin ya tsaya da na haƙura. Amma a shekarar ne mantuwa ta fara kama Habboba. Ta daina hawa rufi. Ta fara neman mayafinta alhali yana kanta, ta koma tambayar yaushe za a tafi gona. Wata safiya na kai mata shayi, ta dube ni da fara'a irin ta baƙi ta ce, "Sannu yarinya, 'yar wane gida ce ke?" Na yi dariya, na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada a ji ni. Tatsuniyoyin duk suka zube, har raƙumin. Abu ɗaya ya maƙale: waƙar. Yaya Muntasir ya taɓa sa mata a waya, shi ke nan ta kama amshin, tana zaune tana yi a hankali tana kaɗa ƙafa. Shi in ya shigo fuskarta ta washe: "Ga mai waƙar wuta! Wa ya koya maka wannan labari mai daɗi?" Ni da na ƙone yatsu a kan kaskon nan shekara da shekaru, ni ce 'yar maƙwabta. Ɓarawo kuwa shi ne malami. Wallahi a watannin nan ko tarinsa na ji sai raina ya ɓaci.

Wata magariba ta sanyi na ce yau sai an yi ta. Na zaro kasko daga bayan firij, na hura gawayi a baranda, Mama tana faɗa wai zan sa maƙwabta su kira 'yan kwana-kwana. Na zaunar da Habboba, na soya kofi da citta, na ɗauki mafici na zauna a gabanta yadda ba za ta kasa ganina ba. Ta shaƙi ƙamshin, ta kalli wutar. Sai ga uban iyawa ya fito da jitarsa, ba wanda ya gayyace shi, ya zauna a bakin ƙofa ya fara kaɗawa a hankali. Ta bi shi baiti baiti. Ya kawo yarinya bakin kogi da toka a hannu, ya ja igiyar ƙarshe, ya yi shiru.

Habboba ta jira. "Sai kuma me?"

"Khalas, Habboba. Nan ta ƙare."

"Ƙarya kake yi," ta ce. "Ba a barin yarinya a bakin kogi." Ta runtse ido, leɓenta na motsi, tana lalube, abin ya ƙi zuwa. "Akwai saura. Ina sauran? Wa ya ɗauke?"

Yaya Muntasir ya juyo ya dube ni.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Ƙarshen nan shi kaɗai ya rage mini a duniya wanda ba ya hannunsa, kuma na san in na buɗe baki, kafin Juma'a yana Zamalek, mai gashi shuɗi tana kuka a kai. Na ci gaba da fifita wuta. Amma Habboba ta fara waige-waige kamar wadda aka sauke a tashar da ba ta sani ba, kuma wannan ba abin da zan iya kallo ba ne.

Na ce, "Tana cikin kuka, sai ga wani tsoho daga ƙarshen ayari, ya rufe wani abu da rigarsa. Ya durƙusa ya buɗe, sai ga fasasshen ƙoƙo da garwashi ja a ciki. Bayansa wata mata da nata, bayanta wani da nasa. Yarinya ta ce ba ta so, ita wutar uwarta take nema. Sai tsohon ya ce..."

"Ta uwarki ce," in ji Habboba. Muryarta ta dawo, ta da, mai kaushin hayaƙi. "Ƙaninki ya sato mana. Karɓi abinki." Ta buɗe ido, ta dubi kaskon, ta dubi hannuna. "Takwara, wannan wace irin fifita ce? So kike ki kashe mini wuta? Daga ƙasa ake yi."

Na koma yi daga ƙasa. Hayaƙi ya shiga idona sosai a ranar, duk wanda ya ce kuka na yi sharri yake mini. Ta gefen ido na hango yayana yana zaro waya a hankali zai ɗauki murya. Na nuna shi da mafici na ce in ya danna sai na soya wayar da citta.

Bai danna ba, amma ai yana da kunne. Yanzu waƙar ta ƙaru da baiti guda, kuma mai gemun nan na metro ya ce baitin yana nufin farfaɗowar al'umma. Kafin su kaɗa ta, Yaya Muntasir yakan ce, "Wannan ta ƙanwata ce, aro na yi." Aro! Har yau ban ga ranar mayarwa ba.

Ina ƙarama na ɗauka darasin tatsuniyar shi ne a riƙa ba maƙwabta wuta, abin da bai shafe ni ba tunda kowa na da ashana. Yanzu ina ganin ba don haka Habboba ta ba ni ita ba. Ta san takwararta sarai, ta san wadda ke ɓoye alewa a cikin safa don kada a roƙa. Na riƙe labarin nan gam, ban taɓa ba kowa ba, kuma da ruwan ya zo, a hannun ɓarawo aka sami abin da ya kai Habboba bakin kogi. Wannan yana ba ni haushi har gobe. Sai dai shi ma ya san iyakarsa bakin kogin.

Washegari Habboba ta sake tambayata 'yar wane gida ce ni. Na ce ta nan kusa. Da magariba na hura gawayi, ɓarawon ya kawo jitarsa ya zauna a bakin ƙofa, ya kai yarinya gaci ya tsaya nan, ya bar sabon baitin. Habboba ta juyo, ba wajensa ba, wajen mai mafici.

"To," ta ce, "sai kuma me?"