Yajin Mama da Jitar Baba

Wata Asabar da hantsi, a ƙarshen daminar 1994, Mama ta share tsakar gidanmu na Nukkai tas, ta wanke tukwane ta kife, ta yi wa ƙanwata Ladi wanka ta goya ta, sannan ta ɗauko ƙunshin kayanta ta aza a ka. Ina tsugune bakin rijiya ina wankin kayan makaranta, hannuna duk kumfa. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ɗaga murya ba. Ta tsaya a kaina ta ce, "Saratu, in babanku ya shigo ki gaya masa na tafi Lau wurin Kaka. Gari na cikin kwano, kuka na cikin gwangwani. Ya san inda murhu yake." Ƙanena Yakubu ya bi ta da gudu har bakin titi yana riƙe da gefen zaninta. Ta ɓanɓare hannunsa a hankali, ta saya masa rake, ta shiga mota. Shekarata tara a lokacin, shi kuma shida.

Babanmu sunansa Bitrus, amma a Jalingo in ba ka ce Bitrus Jita ba babu wanda zai gane wa kake nufi. Shi ke kaɗa jita a wata ƙungiyar makaɗa ta mutum biyar, masu waƙa da Hausa da Mumuye da ɗan abin da suka tsinta na Fulatanci. Tun da aka ba mu jiha garin ya cika da ma'aikata, biki ya yi yawa: yau aure, gobe suna, jibi an ƙara wa wani girma a ofis. Duk inda aka kafa rumfa sai an neme su. Ranakun aiki kuma yana situdiyon Malam Garba a unguwar Sarkin Dawaki. Malam Garba bazazzagi ne, gyaran rediyo ya gada, daga baya ya toshe tagar ɗakin da ke bayan shagonsa, ya manna kiret ɗin ƙwai a bango, ya sayo na'urar ɗaukar murya, ya ɗauki Baba ya riƙe masa. Mawaƙan coci daga ƙauyuka, masu wa'azi, masu tallan magani, kowa na son ya ji muryarsa a kaset. Baba ne ke saita makirfo, shi ke ɗauka, in waƙar ta yi fayau ya ɗora mata jita, sannan ya zauna kwafar kaset ɗaya bayan ɗaya. Da yamma kuma sai gwaji da 'yan ƙungiya a bayan wata makaranta. Mu dai abin da muka fi sani nasa shi ne takalmansa a bakin ƙofa da safe.

Komai na gida a kan Mama yake. Ita ke kai niƙa, ita ke ɗaure awaki, ita ke zuwa makaranta in an ce a turo iyaye. Muna da gonar masara da gyaɗa a hanyar rafi, kuma a shekarar masarar ta yi kyau ƙwarai. Baba ya yi alkawarin zai ɗauki mako guda a karya ta tare, sai ga wasu mawaƙa sun zo daga nesa suna son kaset ɗinsu ya fito kafin Kirsimeti. Mama ta karya abin da za ta iya da goyo a bayanta, ni da Yakubu muna tarawa, sauran kuma ruwan ƙarshe ya same shi a ƙasa ya tsiro. Wannan ma ta haɗiye. Abin da ba ta haɗiye ba shi ne ranar da Baba ya dawo da rana tsaka ɗaukar wata wayar lasifika, ya miƙa hannu zai ɗauki Ladi, yarinyar ta tsala ihu ta ƙanƙame Mama kamar ta ga baƙo. Baba ya yi dariya ya fita. Mama ba ta yi dariya ba.

Da na isar masa da saƙon a ranar da ta tafi, sai ya ce, "Ƙyale ta, Litinin za ta dawo." Ya naɗe hannun riga ya nufi murhu. Tuwon da ya tuƙa mana a ranar har yau in mun haɗu da Yakubu sai mun tuna shi: waje ruwa, ciki gari, miyar kuwa ta yi kaurin da muciya ke tsayawa a cikinta. Litinin ta zo ta wuce, ta gaba ma ta wuce. Na koyi hura wuta da ɗanyen itace, Yakubu ya koyi kai awaki bakin rafi kafin a buga ƙararrawar makaranta. Kitsona ya tsufa, Baba ya zaunar da ni tsakanin ƙafafunsa ya ce ai wanda ke sarrafa tsirkiya shida ba zai kasa gashi ba. Washegari a layin duba farce da kai, malamarmu ta juya ni gaba da baya, ta ce in ɗaura ɗankwali har a tashi. Maƙwabciyarmu Maman Talatu kan kira mu ta bayan danga ta ba mu dafaffiyar doya da manja, amma ko sau ɗaya ba ta leƙo ta taya Baba ba. Daga baya na gane matan unguwar duk bakinsu ɗaya.

Da yake babu mai tsaron mu, in an tashi makaranta sai mu taka har Sarkin Dawaki. Ɗakin ɗaukar murya zafi gare shi kamar tanda, ba a kunna fanka don kada ƙararta ta shiga kaset. Baba kan zaunar da mu a kan tabarma a lungu, ya ɗaga yatsa, ma'ana ko numfashi a yi shi a hankali. Wata rana matan zumunta na coci suka zo daga wani ƙauye a bayan akori-kura, da anko ɗinsu da tulunan kiɗa da caki. An sha maimaita waƙa guda saboda ana ta ɗauke wuta, sai da aka kusa kai ƙarshenta lafiya tari ya sarƙe Yakubu. Baba ya cire abin kunnensa ya dafe kai. Shugabar matan, wata dattijuwa mai tsagen fuska, ta dubi ƙafafunmu da suka yi furu-furu, ta dubi kaina, ta ce, "Yaran nan, uwarsa yana ina?" Haka Hausarta take, irin ta mutanenmu. Baba ya ce ta yi tafiya. Matar ta ce, "Tafiya ko ka kore shi da kiɗa?" Sauran suka kwashe da dariya, ita kuwa ko murmushi. Kafin su tafi sai da ɗaya daga cikinsu ta zaunar da ni a bakin shago ta yi mini kitso. Malam Garba, wanda ba ya shiga maganar gidan kowa, ya ce da Baba yana ɗaure wata rediyo, "Bitrus, ɗakin nan ba ya guduwa. In ka rufe shi da la'asar gobe za ka same shi."

Asabar ɗin da ta biyo baya suna da bikin aure a wani fili kusa da kasuwa, dole ya tafi da mu. Aka ajiye mu bayan lasifika, aka ba mu shinkafa a faranti ɗaya. Ni kallo ya ɗauke mini hankali, don ban taɓa ganin Baba a bakin aikinsa na fili ba. Mutumin da ya kasa tuƙa tuwo sai ga shi ya zama wani daban, idonsa a lumshe, yatsunsa na gudu, mata na ta liƙa masa kuɗi a goshi. Da na waiwaya babu Yakubu. Na duba ƙarƙashin kujeru, na duba wurin masu abinci, na zagaya bayan rumfa, sannan na je na ja ƙafar wandon Baba. Ya sunkuyo, na faɗa masa a kunne. A tsakiyar waƙa ya zare igiyar jitar ya ajiye ta a ƙasa, lasifika ta yi wata irin ƙara, masu rawa suka tsaya cirko-cirko. Kawu Dauda mai ganga, babban abokinsa, ya karɓi makirfo ya yi cigiya, aka bazu neman yaro mai jar riga.

Sai gab da faɗuwar rana aka same shi a tashar mota. Wata mai tuyar ƙosai ce ta riƙe shi, ta ce ya zo yana tambayar direbobi wace mota ce ke zuwa Lau, ya ce mamarsa na can. Yana zaune a kan bencinta da ƙosai a hannu bai ci ba. Na zaci Baba zai dake shi. Sai kawai ya zauna a ƙasa, cikin rigarsa ta wasa mai ƙyalli, ya jawo yaron ya ɗora a cinya. Kawu Dauda ne ya yi wa matar godiya.

Washegari ana tashi daga coci muka hau motar Lau mu uku. Gidan Kaka na kusa da kogi, ko'ina warin bandar kifi. Mun tarar da Mama tana tankaɗe a gindin bishiya, ta yi haske, har ta ɗan yi ƙiba. Yakubu ya faɗa jikinta. Ta duba kunnuwansa da wuyansa, ta duba kitsona ta tambayi wa ya yi, sannan ta gaishe da Baba kamar yadda ake gaishe da baƙon da ya zo sayen kifi. Kaka ta sa aka shimfiɗa tabarma, ba a kore mu ba, don haka da kunnena na ji. Baba ya ce, "Maman Saratu, na yi laifi. In kin ce in sayar da jitar, gobe zan sayar." Mama ta ajiye rariya ta ce, "Wa ya ce ka sayar? Da ita a kafaɗarka na gan ka har na yarda na aure ka. Ni ban ce ka bar kiɗa ba, Baban Saratu. Cewa na yi 'ya'yanka su san fuskarka." Daga nan ta faɗi abin da take so, ba ta ƙara ba ta rage: ya riƙa rufe situdiyo kafin magariba, makon girbi ba wasa ko na auren ɗan wane ne, gwajin da suke yi a bayan makaranta kuma a dawo da shi tsakar gidanta. Baba ya ce gidan zai cika da hayaniya. Ta ce ta ji, ta fi son hayaniya.

Haka gidanmu ya koma wurin gwaji. Da la'asar za ka ga Kawu Dauda ya shigo da ganguna ɗaure a bayan keke, sauran na biye da shi. Mama ta kafa doka cewa duk wanda zai ci tuwonta sai ya taɓa aiki kafin ya taɓa kayan kiɗa, don haka manyan makaɗan da ake yi wa liƙi a gari sukan zauna su kewaye tire suna ɓarar gyaɗa ko ɓarzar masara suna gardamar waƙa. Kawu Dauda kan ce, "Madam ya fi Malam Garba tsanani." Yaran unguwa kan bar langa da 'yar gala-gala su jeru a kan danga. Ni ina jan ruwa a rijiya ina bin amshi, Yakubu na dukan tsohuwar roba da kara, Ladi kuwa da ta fara tafiya wurin Baba take nufa ta kama wuyan jitar, sai ya ɗora ta a gwiwa ya ci gaba da kaɗawa a haka. Wani lokaci Mama na tuƙi za ta ɗago ta ce amshin nan ya yi tsawo, su yi musu, daga baya su rage shi.

Ba wai komai ya gyaru ba ne. Sun rasa wasanni saboda makon girbi, har mai busa ƙahonsu ya yi fushi ya koma wata ƙungiya. Gab da Kirsimeti Baba kan karya dokar magariba, Mama ta ajiye masa tuwo a rufe ba magana, kwana biyu gidan ya yi tsit sannan a shirya. Ranar da aka ba ni kyauta a makaranta yana Wukari wurin wasa, na kuma daɗe ina jin haushin abin. Amma Mama ba ta sake ɗaure kaya ba. Zuwa ƙarshen shekarun casa'in masu biki suka gane mutum ɗaya da fiyano mai kiɗa da kansa ya fi sauƙi a kan ciyar da mutum biyar, ƙungiyar ta watse a hankali ba tare da faɗa ba. Baba ya ci gaba da situdiyo har kaset ya daina tafiya, sannan ya koma gona da kaɗa jita a coci ranar Lahadi.

Yanzu su biyun suna nan a Nukkai, sun tsufa, an zagaye gidan da bulo, yawancin 'yan ƙungiyar sun rasu. Ɗana na fari ya gado kakansa. A ɗakinsa yake haɗa waƙa da waya da kwamfuta, ƙofa a rufe, abu a kunne. Ba ya zuwa ko'ina, kullum yana gida, an ce har a Legas ana sauraron abin da yake yi, amma ni da ke girki a bayan tagarsa ban taɓa jin ko amshi ɗaya ba sai in na roƙa ya kunna mini. Wani lokaci da la'asar nakan tsaya da ludayi a hannu ina saurare, ba na jin komai sai ƙarar janareton maƙwabta. Ashe hayaniya ma tana riƙe gida.