Tabarau ɗin Baba

Shekarar da aka ba ni shugabancin ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo a Malumfashi, saura ƙiris in kashe ta da hannuna, kuma har yau ban gama gane yadda ta tsira ba.

Mu tara ne. Jigonmu wani dattijo ne manomi daga Gozaki, kowa Baba yake ce masa. In ya ɗaga gira kawai, sai ka ga mutane suna riƙe ciki. Akwai kuma wata tela, iyayenta 'yan kudu ne amma a nan aka haife ta, bakinta ya fi almakashinta kaifi. Kafin zuwana, a ƙofar gidan Baba ake haɗuwa, ana ɓarar masara ana zolayar juna, a haka wasa ke fitowa. Ni kuwa malamin makaranta, gani nake wannan shiririta ce.

Da aka gayyace mu taron manoma a Danja, mu yi wasa kan adana masara kada ƙwari su cinye, na ce yanzu za a ga tsari. Na samo aji, na rubuta wasan kaf, na raba wa kowa takardarsa, na tsaya gaban allo.

"To, kowa ya kawo shawara."

Mutanen da ba sa barin juna su haɗiyi yawu, ga su a kan benci kamar masu zaman makoki.

Baba ya ninke takardarsa ya cusa a hula, ya ce ya baro tabarau a gida. Washegari ma haka, jibi ma haka. Na ce a raina wataƙila ya ɓata ne yana jin nauyin faɗa. Na hau mota har Funtua na sayo sabo, na miƙa masa a gaban kowa ina ta fara'a. Ya karɓa da hannu biyu, ya sa mini albarka. Daga ranar bai sake zuwa ba.

Kaina ya ɗaure. Na sayo lemo, na rage lokacin zama, na yabi kowa har wanda bai yi komai ba. Duk da haka ɗaya bayan ɗaya suka sulale. Saura kwana huɗu, ba Baba, ba wasa. Na nufi shagon telar.

"Don Allah, me na yi wa Baba?"

Ko ɗagowa daga keke ba ta yi ba.

"Haba Malam, duk karatun nan naka? Baba bai taɓa mallakar tabarau ba. Boko ne bai iya karantawa ba. Dattijo ya samu inda zai fake, kai ka je har Funtua ka sayo abin tona masa asiri."

Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa fuskata.

Da la'asar na je Gozaki ba da haƙuri. Na tarar da 'yan ƙungiyar duka a kan tabarma, ana ɓarar masara ana shewa. Kafin in buɗe baki Baba ya turo mini kwano.

"Zauna, Malam, sa hannu."

Ba wanda ya tayar da maganar. Da na tambayi batun wasa, suka ce an gama shirya shi.

Ranar taro Baba ya fito a matsayin malamin gona, tabarau ɗin da na sayo masa a kan tsinin hanci, takarda a hannu. Tafiyata, gyaran muryata, duk ya kwashe. Ya tsaya gaban buhun masara ya ce, "To, ƙwari, kowa ya kawo shawara." Fili ya ruɗe da dariya. Ni ma na yi, ban sani ba ko yafe mini aka yi ko hukunta ni.

Da aka watse na ce musu zan sauka, a zaɓi wani. Baba ya cire tabarau, ya goge shi da bakin riga, ya sa a aljihu.

"Ina! Malam, in ka sauka, wa za mu riƙa kwaikwaya?"