Zalɓen Barmo

Barmo mutumin Madarunfa ne, kusa da Maraɗi, a bakin tabki ya tashi. Yanzu ɗaurin kaya yake yi a wani shagon kago mai aika kaya ƙasashen waje a unguwar Xiaobei, har furfura ta fara tsiro masa a birnin Guangzhou na ƙasar Sin bai samu ya leƙa gida ba. Abokan aiki suna masa tsiya wai ya zama Bature, don duk Juma'a da an sallame a Masallacin Huaisheng sai ya hau jirgin ƙasa na metro zuwa wani tabki a kudancin gari, ya tsaya cikin tsofaffin 'yan Sin masu manyan kyamarori yana kallon tsuntsaye. Shi ko kyamarar ba ya da ita.

Dalilinsa mahaifinsa ne, Malam Issa masunci, wanda idonsa ya mutu, ƙwaƙwalwarsa ma ta fara zubewa. Kukan tsuntsu kaɗai ya rage masa. La'asar a nan hantsi ce a can, sai Barmo ya kira ƙanwarsa Zalika, ta kara wa tsohon waya a kunne, shi kuma ya miƙa tasa wajen ruwa.

"Balbela ce," in ji tsohon. Ko ya ce, "Wannan baƙuwa ce, ba ta ruwanmu ba."

Abin da ke cin ran Barmo guda ne: shin tsohon ya san da wa yake magana? Ba hanyar ganewa, domin shi ɗan fari ne, uban bai taɓa kama sunansa ba saboda kunya. "Kai" yake ce masa tun yana yaro. Muddin yana jin "kai" ɗin nan, Barmo yakan koma Xiaobei da sanyin zuciya.

Wata Juma'a ana yayyafi, zalɓe ya tashi daga cikin ciyawa da kukansa mai kaushi.

"Zalɓe!" tsohon ya faɗa da murna. Sai ya sassauta murya. "Bawan Allah, na gode. An ce daga Sin kake kira? Ina da ɗa a can, Barmo sunansa. Barmo. In ka gan shi, ka ce ya zo."

Barmo ya ji Zalika ta fashe da kuka. Shekara arba'in da wani abu yana marmarin jin sunansa a bakin nan, yau ya ji har sau biyu.

"Zan faɗa masa, Baba," ya ce.